Ankwa a Baki

Ran Lahadi kasuwar Tawa ta cika ta batse,
wani moto ya yi ɓatan dabo a bakin rumfar albasa.
Wana Nomau na durƙushe kan taya,
yana laluben huji da leɓensa,
don shi da fata yake jin iska.

Ɗan sanda ya kira shi ta baya.
Sau uku, in ji shi.
Sau uku ƙeya ba ta amsa ba,
sai aka ce raini ne,
raini ya zama zargi,
zargi ya zama ƙarfe.

Na bar wake bisa wuta,
na isa kwamisariya da takalmi wari guda.
Ga shi kan benci, hannuwa a baya,
ankwa ta cije su.
Mai biro na tambaya: Sunanka? Sunan ubanka?
Ya duƙa ya rubuta: ya ƙi magana.

Na ce: Ranka ya daɗe,
kun ɗaure masa baki kuna jiran jawabi.
Ya dubi bakin, bai ga ƙyalle ba, ya yi dariya.
Na ce: Ba nan ba. Can baya.
Harshensa goma ne, duk kun kulle.

Da makulli ya juya
yatsu suka yi miƙa kamar masu tashi daga barci,
sai zance ya ɓalle:
dogo ne, tabo a girar hagu,
jar hula, yana ɗingishi,
tura moton ya yi, bai tayar ba,
ya ratsa bayan masu kilishi
ya kama hanyar Kwanni.
Kasuwa mai kunne dubu ba ta ji komai ba.
Kurma ya gani.

Suka ce mu tafi, a yi haƙuri.
Layin nan na takarda ba wanda ya soke shi.

Tun ina shekara bakwai nake tafinta.
Ni ke gaya wa likita inda ke masa ciwo,
har wuraren da bai kamata ƙanwa ta sani ba.
Ran da Baba ya cika
kowa ya yi salati ya sunkuyar da kai,
ni aka bar wa ɗaga hannu in faɗa masa.
Ran Juma'a yana sahun gaba,
huɗuba na wucewa bisa kansa kamar balbelu.
Da dare mai labarai a tele
na buɗe baki yana rufewa kamar kifin Tabalak.

Kuna ce mata kwaikwayon bebaye.
Ku zo tasha bayan lisha, ƙarƙashin fitila,
ku ga kurame na gardamar kokowa
har sha biyun dare, maƙwabci bai farka ba.
Akwai habaici a cikinta, akwai ashar,
akwai ƙarya ma, in kuna son shaida harshe ce.
Da ita ya nemi Tsahara daga tsallaken titi,
motoci na wucewa, zance bai yanke ba.

Ba sadaka muka zo nema ba, yana da sana'a.
A rubuta maganar hannu cikin doka,
ta zauna tabarma ɗaya da Hausa da Zabarmanci,
da Buzanci da Fulatanci.
A sa mai fassara gaban alƙali,
a ɗakin haihuwa, a lakwal,
a kusurwar tele, ko da girman tafin hannu.
Ni mutum ce, ina zazzaɓi, ina tafiya,
wata rana kuma ba ni nan.
Ran nan wa zai ce a kwance shi?

A hanyar gida yana murza sawun ƙarfen.
Ya taɓa haƙoransa na gaba,
sunana ke nan a wurinsa: mai wushirya.
Na tsaya, ina jiran babbar magana.
Ya shaƙi iska, ya yamutsa fuska,
yatsu suka ce:
wakenki ya ƙone.